Kwanon Ruwa a Kan Babur ɗin Kaka

A unguwar Sabo ta Ibadan akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Sunan kakarta aka sa mata, don haka babu mai kiran sunan a gidansu. Babanta, Malam Manniru, "Uwata" yake ce mata.

Malam Manniru bakanike ne. Garejinsa yana ƙofar gida, a kan hanyar da ta gangara Mokola. Kullum wurin cike yake da 'yan okada, wato 'yan acaɓa. Lokacin hutu, yarinyar takan zauna a benci tana miƙa masa sifana. Kunnenta kuwa ba ya barin magana ta wuce. Abin da ta ji sau ɗaya, a ganinta ta gama iya shi.

Wata ranar Asabar, sai ga a-kori-kura ta tsaya a bakin garejin. Baffa Babandi, ƙanin Babanta, ya diro daga gaba. Daga Legas yake. A bayan motar akwai wani abu mai manyan tayoyi huɗu da ƙahon tuƙi irin na babur.

Yarinyar ta ruga ta gaishe shi. Ko gaisuwar ba ta ƙarasa ba ta ce, "Baffa, wannan mota ce ko babur?"

Baffa ya yi dariya. "Babur ne mai ƙafa huɗu, Uwata. Na Kaka ne."

Kaka tana zaune a wani ƙauye can Yobe, kusa da iyakar Nijar. Babu kwalta a wurin. Tuddan rairayi ne ko'ina, wasu sun fi gidan sama tsayi. Duk wata sai Kaka ta je asibiti saboda ciwon baya. A kan amalanke Baffa yake kai ta. Kafin su dawo, girgizar hanya ta ƙara mata ciwon, sai ta kwanta ba ta iya ko juyawa. Shi ya sa 'ya'yanta suka haɗu suka sayi wannan babur na hannu.

Yarinyar tana son Kaka sosai, ko da yake a waya suka fi gaisawa. Tudun rairayi kuwa ba ta taɓa gani ba. Yashin da ta sani shi ne wanda tifa take juye wa magina.

Baba ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin babur ɗin. Ya nuna mata wani ƙarfe mai sifirin a jikinsa, a bayan kowace taya.

"Wannan ita ce shokozoba," in ji shi. "Ita take shanye girgiza don kada ta kai ga mutum. Waɗannan gajeru ne, kuma sun yi tauri. Ba su dace da rairayi ba."

Baffa ya buɗe kwali ya fito da sababbi guda huɗu, dogaye. Kowace tana da zobe a saman sifirin ɗinta. Idan aka juya zoben ƙasa, sifirin ya matse ya yi tauri. Idan aka sassauta, ya yi laushi.

Wuni guda Baba ya yi yana aikin. Da ya gama ɗaurawa, sai ya ce Baffa ya hau. Ya kuma ɗora buhun masara a kujerar baya.

"Ga Inna nan ta zauna," in ji Baba.

Yarinyar ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa Baba ya ɗauki tef yana auna kowace ƙafa. Ya juya wannan zobe kaɗan, ya koma ya sake aunawa. Bai bari ba sai da ƙafafun huɗu suka yi daidai.

Akwai wani direba mai suna Dabo, abokin Baffa. Ya kawo shanu kasuwar Akinyele, kuma ranar Litinin da la'asar zai koma Arewa da tirelarsa babu kaya. Ya yi alkawarin ɗaukar babur ɗin. Idan tirelar ta wuce, sai Kaka ta sake hawa amalanke, don ranar asibitinta ta kusa.

Ranar Lahadi da azahar, Baba da Baffa suka tafi masallaci. Yarinyar ta zagaya babur ɗin tana shafa shi. Ta danna gabansa da hannu biyu. Sai ya lotsa a hankali, ya taso a hankali.

Nan take ta ɓata fuska. Ta tuna abin da 'yan okada suke faɗa kullum a garejin: "Oga, abeg ɗaure min sifirin ɗin nan da kyau. Buhun doya biyu zan ɗauka." Baba kuma sai ya matse musu.

"Wannan ai mutum biyu zai ɗauka," ta ce a ranta. "Kaka da Baffa. Baba ya gaji ne ya manta bai matse ba."

Ta ɗauko sifana mai ƙugiya. Ta maƙala ta a zoben gaba na hagu, ta ja da duk ƙarfinta. Zoben ya motsa. Ta sake ja. Gumi ya jiƙe mata hijabi, amma ba ta daina ba sai da sifirin ya matse tam. Tana shirin komawa kan na dama, sai muryar Umma ta fito daga cikin gida.

"Ina kika shige ne? Zo ki kai min niƙan tattasai."

Kafin ta dawo daga niƙa, Baba ya lulluɓe babur ɗin da tamfol. Ba ta faɗa wa kowa ba. So take sai Baba ya yaba ƙarfin sifirin, sannan ta ce ai ita ce.

Da safiyar Litinin suka loda babur ɗin a mota suka nufi Ojoo don su gwada shi. Can akwai wani dattijo Bayarabe mai buga bulo, abokin Baba. Yana da tarin yashi mai tsayi a filinsa. Ba tudun Yobe ba ne, amma a Ibadan shi ne abin da ya fi kama da shi.

"Eku ishe, Baba," yarinyar ta gaishe shi, wato sannu da aiki. Ta roƙe shi aron yashin da Yarabanci mai daɗi. Dattijon ya yi murmushi ya ce su hau duk inda suke so.

Baba ya ɗaure buhun masara a baya. A kan buhun ya ɗaure kwano, ya zuba ruwa har kusa da baki.

"Kwanon nan shi ne bayan Inna," in ji shi. "Idan ruwan ya zube, aikina bai yi ba."

Baffa ya sa hular kare kai, ya tayar da babur. Ya fara hawa yashin. Yarinyar tana tsaye baki har kunne, tana jiran yabo.

Da ya kai tsakiyar tudun sai ya karya kwana. Ƙafafu uku suka lotsa suka bi yashin. Ta hagu kuwa ta ƙi. Ta yi tsalle, ta ɗaga gefe ɗaya sama. Babur ɗin ya karkace, Baffa ya mirgino ƙasa. Kwanon ya tashi sama ya faɗo can gefe, babu ko ɗigon ruwa a ciki.

Suka ruga gaba ɗaya. Baffa ya tashi zaune yana tofar da yashi. Gwiwar hannunsa ta kuje, jini yana ɗan fita.

"Pele o, pele," dattijon yake ta cewa, wato sannu, yana kakkaɓe masa riga.

"Alhamdu lillahi, ban karye ba," in ji Baffa.

Aka miƙar da babur ɗin. Baba ya danna kowace ƙafa. Uku suka lotsa. Ta hagu kuwa kamar dutse. Ɗanyen yashi ya rufe sifirin ɗin, ba a ganin zoben.

"Ta cije," in ji Baba a hankali. "Da alama daga ciki ta lalace. Sai an mayar da ita Legas an canjo."

"Yaya, tirelar Dabo fa?" in ji Baffa.

"Sai dai ta tafi."

Baba ya zauna a kan bulo, ya cire hula ya riƙe a hannu. "Ni na duba su da hannuna," ya ce. "Jiya ma na faɗa wa Inna a waya cewa ta gama hawa amalanke."

Yarinyar ta tsaya tana kallonsa. Ba ta taɓa ganin Babanta jiki a sanyaye haka ba. Tana jin tsoro ƙwarai. Idan ta yi shiru, babu wanda zai sani. Amma idan ta yi shiru, tirela za ta tafi, Kaka kuma za ta sake kwanciya da ciwon baya. Ta dubi kwanon da ke kife a cikin yashi.

Ta matsa ta durƙusa a gabansa. "Baba, ba ta lalace ba. Ni ce na matse zoben."

Baba ya ɗago kai. "Ke, Uwata?"

"Jiya, da kuka tafi masallaci. Na ga ya yi laushi. Na ɗauka ka manta ne. So nake ya yi ƙarfi saboda Kaka."

Baba ya mayar da hularsa. Ya tashi ya share yashin da tsumma. Ga zoben nan kuwa, ya sauka can ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗauko kwanon ya sa mata a hannu.

"Yau kwano ne ya faɗi," in ji shi. "Da Kaka ce a wurin fa?"

Sai ta fashe da kuka. Baba ya bari ta yi, sannan ya jawo ta jikinsa.

"Na san don ƙauna kika yi. Amma saurara. Ɗan okada kwalta yake bi da kaya mai nauyi, shi ya sa nake matse masa. Rairayi kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Dole kowace ƙafa ta lotsa ta bi shi, kuma duka huɗun su yi daidai. Da gangan na bar su da laushi. Da kin tambaye ni, da na faɗa miki."

"Ka yi haƙuri, Baba." Ta juya wajen Baffa. "Baffa, ka yafe min."

"Na yafe," in ji Baffa. "Amma ke za ki wanke min ciwon nan. Kuma yashin da na ci, ki ce wa Umma a rage min tuwon rana."

Ta yi dariya, ga hawaye a kumatu. Ta wanke masa ciwon da ruwa mai tsabta, ta ɗaure da hankici.

Baba ya miƙa mata sifanar nan mai ƙugiya. "Hannun da ya matse shi zai kwance. Amma wannan karon ina tsaye a kanki."

Ta juya zoben a hankali, Baba yana aunawa da tef. "Ƙara kaɗan. Tsaya. Ya isa." Sannan ya sake duba sauran ukun.

Ita da kanta ta cika kwanon. Baffa ya sake hawa tudun. Ya karya kwana a daidai wurin da ya faɗi. Ƙafafun huɗu suka lotsa, suka taso tare. Ya sauko ya tsaya a gabansu. Yarinyar ta leƙa kwanon. Ruwan yana rawa, amma yana nan cike.

Suka isa Akinyele bayan azahar, Dabo yana share bayan tirela. Aka tura babur ɗin sama, aka ɗaure shi da igiya. Baffa ya shiga gaba yana ɗaga musu hannun da ke da hankici.

Bayan 'yan kwanaki saƙon murya ya shigo wayar Baba. Ya kira yarinyar ya kunna mata.

"Takwarata," in ji muryar Kaka. "Mun je asibiti mun dawo. Da ƙafata na shiga ɗaki, har na yi sallar la'asar a tsaye. An ce da hannunki a gyaran. Allah ya yi miki albarka."

Yarinyar ta rufe fuska don kunya, amma daɗi ya cika ta. Ta sa aka sake kunna mata saƙon.

Tun daga ranar ta gane cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Aikin da ba ka sani ba, tambaya ake yi kafin a sa masa hannu. Idan kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri, tun ana iya gyarawa. Har yanzu tana zama a bencin gareji tana miƙa sifana. Amma kafin ta taɓa komai takan ce, "Baba, me ya sa aka yi shi haka?"