Takandar Tasalla

A can wani zamani, wani tsoho ya ba jikarsa Tasalla kunya guda ta takanda a gefen gonarsa. Ya ce mata, "Saiwa ke shan ruwa, ganye ke shan rana da iska. Abin da suka sha, shi kara ke tarawa ya zama zaƙi. Ki bar mata ganyenta."

Tasalla kuwa tana da wata akuya mai kwaɗayi. Duk sa'ad da akuyar ta yi kuka, sai ta ce, "Ganye ɗaya ai ba komai," ta tsinko mata. Ruwa ya sauka, ganye ɗaya ai ba komai. Ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, ganye ɗaya ai ba komai. A haka har takandar ta koma tsirara.

Da lokacin sha ya yi, Tasalla ta tara ƙawayenta. Ta karya kara, ta ɓare, ta tauna, ta ji shi lami. Ta karya wani, shi ma haka. Ƙawaye suka tofar, suka watse.

Ta ce, "Kaka, ina zaƙin ya tafi?"

Tsohon ya nuna akuyar, ta yi ɓul-ɓul a inuwa. Ya ce, "Ga shi can kwance yana tuƙa."