Haƙarƙari Biyar

Ranar kasuwar garin Isa ce, kwana ashirin da uku da ɗaukewar ruwan sama, gero ya kai gwiwa ya tsaya yana nannaɗe ganye. Safiyatu ta sauko daga motar Sabon Birni da jakar kwamfuta a kafaɗa da wani karyayyen ƙarfe a leda, ta nufi layin masu zubin tukwane. Mariƙin hannun famfon tuƙa-tuƙan unguwarsu ne ya karye, karo na uku a wata guda, domin tun da rijiyoyi suka ƙafe famfon bai ƙara hutawa ba. Ita kuwa ta gama karatun injiniya a Sakkwato ta dawo gida, kuma Allah ya yi ta da rashin iya zama idan abu ya lalace a gabanta.

A rumfa ta uku ta tarar da wani saurayi, Kalilu, durƙushe yana danna yashi a akwatin zubi. Ya ɗago ya ga doguwar budurwa mai tabarau tsaye a kansa, sai gaisuwar ma ta ɓace masa.

"Sannu da aiki," in ji ta. "Kana iya zuba min irin wanga?"

Ya karɓa ya jujjuya. "Ina iyawa. Amma in na zuba shi haka, sati biyu shi sake karewa. Sai dai in ƙara mishi kauri."

"In ka ƙara kauri, cikinai na yin rami in ya huce."

Kalilu ya sake dubanta, wannan karon da kyau. Shekara goma yana zubi, bai taɓa jin mai saye ya san wannan ba. Ta buɗe kwamfuta a kan benci, ga mariƙin nan a allo yana juyawa, a ƙarƙashinsa an jera wasu siraran bangaye.

"Jikin shi tsaya yadda yake," ta ce, "amma waɗanga su tallabe shi ta ƙasa."

"Mi sunansu?"

"Da Turanci munka koye su a makaranta. In an juya da Hausa, haƙarƙari."

"Awo, haƙarƙari na," ya ce yana dariya. "Irin na rago."

Ya karɓi lambarta saboda aiki. To, shi wannan aikin, kafin sati ya zagayo har ya fara turo saƙo yana tambayar ko an karya kumallo.

"Injiniya, ina kwana? Haƙarƙari shida sun yi yawa, yashi bai sakin su. Ki cire guda, ki ɗan karkata sauran."

"Sarkin zubi, na cire. Na zagaye gindinsu kar su tsage. Ka ci abinci?"

"Ban ci ba. Saƙonki nike jira."

Safiyatu takan karanta sau uku, ta kife wayar, ta sake ɗauka. Ta koma kan zane, manhajar ta nuna mata ja a inda nauyi ke taruwa, ta matsar da haƙarƙari guda har jan ya dushe, ta miƙe ta zagaya tsakar gida, ta dawo ta sake matsar da shi. Mahaifiyarta Inna Tasalla ta ce tun da ta haife ta ba ta ga tana kai-kawo irin na bana ba, ita kuwa ta ce fari ne ya dame ta. Farin ya dame ta da gaske, amma son Kalilu ne ya hana ta sukuni, kuma ta sani.

Da yake babu wuta a gari, a shagon Maliki take cajin waya. Maliki ɗan kasuwa ne mai ɗauko kaya daga Maraɗi, yana da sola a rufin shago, kuma sau biyu yana tura baffansa neman auren Safiyatu wurin mahaifinta, Malam Sodangi dillalin shanu. Malam bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Wata Laraba ta je Isa ta ga zubin gwaji na farko. Washegari da hantsi wayarta na kan kantar Maliki, sai ta yi haske, saƙo ya fito ɓaro-ɓaro:

"Injiniyata, jiya bayan kin tahi na kasa daina tuna haƙarƙarinki. Da na shafa, sumul, babu rami ko guda. Na tsakiya dai ya rame, ki ƙara mishi kauri kahin ki dawo."

Maliki bai ko rufe shago ba. Ya ɗauki wayar ya kai wa Malam Sodangi a zaure, da yake Malam ba ya karatun boko, shi ya karanta masa, a hankali, sau biyu.

Malam ya shigo gida fuskarsa ba annuri. "Safiyatu, jiya ina kit tahi?"

"Isa, Baba."

"Wurin wa?"

"Wurin mai zubi, Kalilu."

"Shi na ka shafa haƙarƙarinki?"

Safiyatu ta ce, "Baba, wallahi ƙarhe na! Na famfo!"

"Ƙarhe na da haƙarƙari? Ni za ki maida yaro? Na sai da bijimina na kai ki makaranta, mutane na ce min kar in yi, ashe wanga za ki saka min da shi." Ya jefa wayar a aljihu. "Ba ki sake hita gidanga. Kar in ƙara jin sunan yaron ga."

Ba hana ta fita ne ya fi yi mata ciwo ba, har ma da rabuwa da Kalilu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne mahaifinta, wanda ya tsaya mata a gaban dangi, yau ya yarda ita 'yar banza ce. In ta gaishe shi sai ya amsa yana duban bango.

Kwana huɗu ta yi ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta leƙa ta kan katanga ta ga matan unguwa suna wucewa da jarkoki zuwa gulbi, inda ake tonon yashi a jira ruwa ya tsattsafo. Ta ji wayarta na ƙara a aljihun Baba, ta san mai kiran, ba halin ɗauka. A rana ta huɗu ta kunna kwamfuta da ɗan cajin da ya rage, ta ajiye a gaban Inna tana kuka.

Inna Tasalla ta duba, ta ɗauki kwamfutar da hannu biyu kamar ƙwaryar nono, ta kai wa mijinta. "Malam, kai da ka raba gardama a kara wurin cinikin shanu, ba ka yanke ma baƙo hukunci sai ka ji ta bakinai. Ɗiyarka ta hi baƙo."

Malam ya ɗora yatsa a allon ya ƙirga. Biyar. Ya tambayi Safiyatu wanne ne aka ce ya rame, ta nuna na tsakiya. Sannan ya ce, "Wanga ana iya zana shi bayan an kama mutum."

Maganar ta soke ta, amma ta haɗiye. Malam ya ce zai aika Isa a kira yaron, kuma ba wanda zai gaya masa dalili.

Kalilu ya iso da la'asar tare da kawunsa Ibrahima, ya sha sabuwar shadda da hula, domin shi a zatonsa maganar aure ce ta taso. Safiyatu ta maƙale a bayan ƙofar zaure, ta cusa gefen mayafi a baki. Ta san in ya yi in-ina, ko ya ɗauki tambayar da wata fuska, shi ke nan ta rasa shi, ta kuma rasa Babanta.

Aka gaisa, aka yi jajen fari. Sai Malam ya gyara zama ya ce, "Yaro, haƙarƙarin ɗiyata nawa na?"

Kawu Ibrahima ya saki salati. Kalilu kuwa ko ƙifta ido bai yi ba, don shi kwana huɗu ke nan ba abin da ke ransa sai wannan aikin da mai shi.

"Biyar na, Baba. Da shida ta yi, ni nac ce ta cire guda."

"Wane na ya rame?"

"Na tsakiya. Milimita huɗu tay yi mishi, shida ya kamata." Ya zuge jaka ya zaro zubin gwajin, ya kife shi a kan tabarma. "Ga shi ma na taho da shi, tunda na ji ta shiru. Shafa ka ji, Baba, sumul."

Malam Sodangi ya miƙa hannu ya shafa. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ya ciro wayar ya miƙa wa Kawu Ibrahima ya ce ya karanta saƙon ranar Alhamis. Kawu ya karanta, ya dubi ƙarfen, ya dubi ɗan 'yar'uwarsa, dariya ta ƙwace masa har hularsa ta faɗi. Sai a lokacin Kalilu ya gane abin da ya rubuta. Gumi ya karyo masa.

"Baba, wallahi tallahi ko gehen mayahinta ban taɓa..."

"Na ji," in ji Malam. "Kai dai ka iya zubi, ba ka iya magana ba. Ibrahima, in da gaske kuke, ku turo manya."

A bayan ƙofa Safiyatu ta sulale ta zauna a ƙasa, tana kuka tana dariya. Da aka mayar mata da waya, saƙo goma sha ɗaya ta tarar. Ta amsa guda ɗaya:

"Sarkin zubi, na maida na tsakiya milimita shida. Daga yau sunansu bango."

"To, Injiniyata. Ni dai ke nike so, a kira su duk abin da anka ga dama."

Cikin sati aka ɗaura sabon mariƙin, famfon ya ci gaba da aiki daga asuba zuwa magariba bai ƙara karyewa ba. Maliki ya daina gaishe da mutanen gidan na ɗan lokaci, Safiyatu kuwa ta sauya wurin caji. Ruwa ya dawo a makare, gero bai yi rabin na bara ba, don haka da kaka aka yi biki daidai ƙarfi, aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a.

Da yamma motar Isa ta tsaya a ƙofar gida, aka kawo amarya ta yi sallama da mahaifinta. Ta durƙusa, tana jiran nasihar da ake yi wa kowace amarya. Malam Sodangi, wanda duk Sabon Birni ba a taɓa jin ya ba wani haƙuri ba, ya sallami matan da suka rako ta, ya daɗe yana murza carbi.

"Safiyatu," ya ce, "kin hwaɗa min gaskiya sau biyu, ban yarda ba sai da baƙo ya hwaɗa. Ki yahe min, ɗiyata."

"Baba, don Allah ka bari..."

"Ki yahe min, nac ce."

"Na yahe, Baba."

Ya ɗora hannu a kanta. "Allah shi yi miki albarka. Allah shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ta gari. Duk abin da kic ce min daga yau, na yarda. Tashi ki tahi gidan mijinki."