Lambar Da Behruz Ya Haddace

Ranar da Jovid ya fara ganin Mehrangez, kuka take yi a gaban teburinsa, a ofishin wani ƙaramin kamfanin waya a Dushanbe. Ta tura masa takarda mai jan hatimi: nan da wata uku za a rushe gidajen layinmu a tayar da bene.

"Ba gidan nake wa kuka ba," ta ce. "Wayar gidan ce. Inda za a kai mu babu layin waya, sai intanet."

"To ai kowa na da ta hannu yanzu, 'yar'uwa."

Ta ɗago ta watsa masa hararar da ya ce har yau bai warke ba.

"Yayana Behruz bai san ta hannu ba."

Mu maƙwabta mun san zancen. Shekara goma sha ɗaya ke nan da Behruz ya tafi aikin gini Rasha. Safiyar tafiyarsa ya gatsi burodi, mahaifiyarsu Saodat ta rataye sauran a bango, sai ya dawo ya ƙarasa. Shekara biyu yana kira duk Juma'a, daga nan ɗif. Lamba ɗaya ya haddace, ta wayar gidansu. Saboda wayar nan Saodat ta daina zuwa biki da ta'aziyya, ko wanka za ta shiga sai ta bar ƙofa a buɗe don ta ji ƙara.

Jovid ya jawo takardar gabansa.

"Za a iya ɗauke lambar a mayar kan intanet," ya ce. "In jona wayarku da wani ɗan akwati, duk inda kuka koma ta yi ƙara kamar kullum. Amma ki riƙe wannan: kada kowa ya rufe tsohon layin sai na ce an gama. In aka rufe, lambar ta bar hannunku."

Layin da sunan marigayi mahaifinta yake, sauya sunan kaɗai ya ci sati shida. Aikin da ba ya buƙatar Jovid ya taka ƙafa, sau tara na ƙirga shi a ƙofarsu, wai ya zo duba soket. Soket ɗaya tal, jama'a!

Ya rubuta mata: "Mehri-jon, yau ma soket ɗinku lafiya lau. Ni ne dai ba lafiya."

Ta mayar: "Allah ya sawwaƙe, malam injiniya. Gobe akwai shinkafa da karas, in ciwon ya bar ka."

Da ya turo mahaifiyarsa da burodin baiko, Saodat ta karɓe ta da shayi da mutunci, amma ta mayar da burodin yadda ya zo.

"Ba a gutsura burodin baiko a gidan nan sai na bango ya ƙare. Wa zai kai ta ɗakin miji, yayanta na waje?"

Baffa Nurali, ƙanin mahaifin Mehrangez, shi ke riƙe da takardun gidan. Ya ce kada ya ƙara jin sunan Jovid a bakinta. Ita kuwa don tsoron ambaton sunan, ba ta taɓa isar masa da gargaɗin Jovid ba. Kullum sai ta ce gobe.

Saura kwana biyu a gama ɗauke lambar, Baffa ya ɗauki jakarsa ya zaga ofisoshi, don ba a ba da makullin sabon gida sai an rufe komai na tsoho. Ya rufe ruwa, ya rufe wuta, ya rufe waya. Ya dawo yana taƙama ya gama aikin sati a wuni ɗaya.

Saodat ta ɗaga kan wayar, kamar yadda take yi sau goma a rana. Shiru. Ta girgiza ta, ta hura, ta sake karawa a kunne. Ihun da ta yi har gidana na ji shi, kuma ba na fatan in sake jin irinsa.

Jovid ya iso a guje. Kallo ɗaya ya yi wa Mehrangez ya gane komai.

"Laifina ne, Hola," ya ce wa tsohuwar, yana kiranta inna da harshenmu. "Ni na manta ban yi gargaɗi ba."

"Ɗana ya ɓata sau ɗaya, kai ka ɓatar min da shi na biyu. Fita."

A sabon gidan, hawa na tara, Saodat ta ajiye matacciyar wayar kusa da katifarta. Ta daina cin abin kirki, ta daina magana. Mehrangez ta rame kamar an zare mata jini.

Ta rubuta masa: "Me ya sa ka yi ƙarya?"

"Ta rasa ɗa. Ba na son ta kalli 'yar da ta rage mata da wannan idon."

"Ka manta da ni, Jovid. Gidanmu ba gidan farin ciki ba ne."

"Ban iya ba, ranki ya daɗe. Na gwada jiya."

Wata biyu yana yawon ofisoshi, wannan ya tura shi wurin wancan. Da ƙyar ya gano an ba wa wani mai gasa burodi lambar, Usto Rajab, a bayan kasuwa. Usto ya ji labarin ya ce a'a, ya riga ya rubuta ta a allon shago, masu biki da ita suke nemansa. Jovid bai yi musu ba. Kullum in ya tashi aiki sai ya zo ya sauke masa buhunan fulawa, sati uku cur.

Wata Asabar Usto ya kira shi gefe, fuskarsa ba daɗi.

"Me ka ce sunan tsohuwar nan?"

"Saodat."

Usto ya zauna a kan buhu. "Jiya wani ya kira, muryarsa can nesa. Ya ce, 'Oca, ni ne,' yadda ɗa ke kiran uwarsa. Na ce nan gidan burodi ne. Sai ya ce, 'Saodat ta rasu ne?' Hannuna duk kwaɓi, na ce ban san ta ba, na ajiye. Sai da na kwanta sunan ya dawo min. Wayar tawa ba ta nuna lamba. Kawo takardarka in sa hannu, ɗana. Allah ya yafe min."

Da Jovid ya kai wa Mehrangez labarin, ta roƙe shi da hawaye kada ya faɗa wa tsohuwar, wai zai kashe Oca. Ya ce ƙarya ɗaya ta ishe shi.

Ranar da ya jona akwatin, Saodat ta kara wayar a kunne ta ji ƙugin layi. Sannan ya durƙusa ya gaya mata komai. Mehrangez ma ta faɗi a gabanta ta ce, "Oca, ni ce. Ya gargaɗe ni, na ji tsoron Baffa."

Tsohuwar ta dubi Jovid.

"Oca ya ce? Da bakinsa?"

"Da bakinsa, Hola."

"Shekara tara ina gadin waya, ban sani ba ko ta mamaci nake gadi. Ashe yana da rai." Sai kuka ya ƙwace mata. "Yana can yana zaton na mutu. Wayyo Behruz, ba zai sake kira ba!"

Da ta share ido, ta dubi fulawar da ta maƙale a takalmin Jovid, ta miƙa hannu kan tire ta gutsura sabon burodi gida biyu, alamar ta amince da baikon. Na bango ta bar shi inda yake.

Jovid ya saita lambar ta riƙa ƙara har a wata 'yar wayar hannu, ya sa mata a aljihu. Da haka Saodat ta taka waje zuwa biki karo na farko cikin shekara tara, bikin 'yarta. Baffa Nurali ne ya kai amarya, kansa a ƙasa.

Ana tsakiyar addu'a wayar ta yi ƙara. Wallahi mutum ɗari biyu ko tari babu. Ta ɗaga, ta saurara. Wani ne ke neman burodi hamsin na suna.

"Ba nan ba ne, ɗana," ta ce a hankali. "Amma ka kyauta da ka kira."

Ta mayar da wayar aljihu, ta ɗora hannu ɗaya a kan amarya, ɗaya a kan ango.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka. In sun yi tafiya, Allah ya sa su same ku a inda suka bar ku."

Muka ce amin, rabinmu muna kuka. Jibi Juma'a, kuma na san tun hantsi su ukun za su zauna kusa da wayar.