Dutsen da Baffa Ilu Ya Tokare Mota da Shi

Ku matso kusa. Mati, rage fitilar nan, ka bar mutsu-mutsu. Ladidi, ke zauna nan gefena, don labarin babanki ne. Shi ba zai taɓa gaya miki ba. Ni ma a bakin Goggo na ji, kuma duk wanda ya ce ni na faɗa, zan ce sharri ya yi min.

Lokacin Baffa Ilu yana da wata tsohuwar akori-kura mai jan ƙafa huɗu. Da ita yake shiga rugage, ya kwaso nono da masara ya kai kasuwa. Hanyar da jaki zai tsaya ya yi shawara, ita wucewa take. To hanyar nan ta cinye mata ƙafafun gaba. Kowane rami sai ka ji ƙwas, ƙwas. Sitiyari na rawa a hannu. Boljoyin ne ya mutu, ƙarfen nan mai dunƙulallen kai da ke riƙe ƙafar mota kamar gwiwar mutum.

Kun san halin Baffa. Ya tsani a ce an taya shi. Ya sayo sababbi a Ningi, ya ce babu bakaniken da zai taɓa masa mota, a gida zai sa abinsa.

Ranar an tafi suna ƙauyen gaba. Inna Hajo, mamanki, ta goya ki ta bi ayari. Unguwa ta zama wayam. A lokacin gidanku ne na ƙarshe a gari. Bayan katanga sai kufai, inda wasu mutane suka tashi tun ba a haifi kakanmu ba.

Ya ɗaga motar da jak. Ya cire tayar gaba. Sai ya tuna abu ɗaya. In zai sa sabon boljoyin, dole ya tura ƙarfen ƙafar sama, kuma da jak ake turawa. Jak ɗinsa kuwa ƙwaya ɗaya ne. Sai an sami abin da zai riƙe motar tukuna.

Ya duba tsakar gida, babu kututture, babu bulo. Turmin Inna Hajo bai isa ya taɓa ba. Sai ya haura katanga.

A gindin wata kanya ya ga duwatsu uku a zube, baƙi ƙirin. Murhun mutanen da ne. Ya zaɓi babban. Bai yi sallama ba. Bai yi bisimilla ba. Gaggawa yake. Da ya rungumo dutsen sai ya ji shi da ɗumi. Ya ce rana ce. Amma fa a inuwa yake.

Ya tokare motar da shi, ya zare jak. Ta zauna daram. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi.

Tsohon ƙarfen ya yi taurin kai. Ya sha guduma kafin ya fita. Kafin Baffa ya shafa wa sabon giris, ya tura ƙarfen ƙafar da jak ya saita shi, rana ta yi ja. Saura ya ɗaure noti.

Sai ya lura kaji sun yi shiru.

Lokacin shigarsu akurki ne, lokacin da suka fi surutu. Ko ɗaya ba ta motsa ba. Akuyar da ke turke ta daina tuƙa.

Sai ƙamshin daddawa. Da hayaƙin itace.

Ya ce, "Hajo, har kun dawo?"



Wanda ke kwance ƙarƙashin mota, ƙafafu kawai yake gani. Ya juya kai. Ga ƙafafun mace daf da inda ya cire taya. Sun sha lalle. Akwai mundaye a idon sawun. Bai ji tafiyarta ba, bai ji ƙarar mundayen ba. Dunduniya ce ke fuskantarsa, sai ya ɗauka baya ta ba shi.

Sai ta durƙusa. Gwiwoyin suka yo wajensa.

Mati, sakar min riga. Kai ka ce kana son labari.

"Maigida," in ji ta. Muryar kamar ana magana cikin randar da babu ruwa.

Ya ce, "Na'am."

"Ka shiga gidana."

"Ni? Yaushe?"

"Ɗazu. Ba sallama. Ka taka min tabarma. Ka tsallake ɗana yana barci."

Sifana ta suɓuce daga hannunsa.

"Tukunyata ta kife," in ji ta. "Miyar ta zube a wuta. Yarana ba su ci ba."

Sai hannu ya shigo. Siriri, dogo, da garin tuwo a yatsun. Ya wuce ta gaban fuskarsa. Ya dafa dutsen.

Ta ja kaɗan.

Motar ta yi ƙara ta sunkuyo. Jak ya goce ya faɗi gefe. Ƙarfen cikin motar ya sauko ya zauna masa a ƙirji. Bai karya shi ba, danne shi kawai ya yi. Ya so ya ja jiki baya, ya kasa. Ya so ya karanta Ayatul Kursiyyu, numfashin bai kai ba. Goggo ta ce ya gaya mata tunda yake bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba, har fitsari ya kufce masa. Kada wanda ya yi dariya. Ku da tuni kun suma.

Ya ce, "Inna, ki yi wa Allah."

"Ni ba innarka ba ce."

"Baiwar Allah. In kika zare shi, na mutu."

"Na sani."

"Ga murhun matata can. Ki kwashe duka."

"Ina ruwana da murhun matarka? A kan wannan uwata ta yi girki."

Ta sake ja. Dutsen ya goga ƙasa, ƙiii. Yanzu bakin dutsen kaɗai ke riƙe da motar. Tsatsa na zubo masa a ido. Yana jin haƙarƙarinsa na lanƙwasa. Ya kasa kunne ko zai ji muryar 'yan suna a hanya. Babu kowa. Shi da kansa ya zaɓi ranar da babu kowa.

Ya ce, "Na yi laifi. Ban san da mutane ba."

"Ba ka tambaya ba."

"Ina da yarinya." Da ƙyar maganar ke fita. "Ko tafiya ba ta fara ba."

Hannun ya tsaya.

Yana jin numfashinta a gefen wuyansa, da zafi, da warin toka.

"Mai kukan asuba?" in ji ta.

"Ita."

"Muna jin ta ta katanga. Tawa ma in ta ji ta sai ta tashi. Wataran har leƙa ta take yi."

Eh, Ladidi. Ke ake nufi. Daina waige-waige, ki saurara.

Ta ce, "Rufe idonka."

Ya rufe.

"In ka buɗe, na bar ka a nan."

Sai ya ji an kama masa idon sawu. Hannun da zafi, zafin wanda ya fito daga gaban wuta. Ya cije leɓe don kada ya yi ihu. Nauyin ya ɗaga daga ƙirjinsa. Aka fizge shi a ƙasa, fuuu, bayansa na gurzar tsakuwa. Sai rugum! Ƙasa ta girgiza. Ƙura ta cika masa baki.

Bai buɗe ido ba. Yana nan kwance, har ladan ya kira magariba, har kaji suka fara ƙananan kukansu.

Da ya duba, gaban motar ya nutse a ƙasa. Buhun da ya kwanta a kai, ƙarfe ya raba shi biyu. Dutsen babu shi, babu ko alamar an ja shi. 'Yan suna suka dawo suka tarar da shi zaune a ƙofar gida cikin duhu, ya kasa ko gaisuwa. Inna Hajo na sauke ki ya karɓe ki ya ƙanƙame, yana kuka kamar yaro, ita kuwa tana ta tambayar wa ya rasu.

Washegari ya aika Ningi aka zo da bakanike da yaransa. Yana tsaye daga nesa suka ƙarasa aikin.

Kuma inda ta kama shi, fatar ta saɓule. Ta warke, amma tabon na nan.

Me kika ce, Ladidi? Salansar babur ce ta ƙone shi? Haka ya gaya miki?

To gobe in yana alwala, ki tsaya kusa ki duba da kyau. Ki gaya min ko salansa tana da yatsu.

Ku dai ku riƙe wannan. Kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota ba kowa a gida. Kada wanda ya bi ta kufan nan shi kaɗai. In kuma dole ta sa ka bi, ka yi sallama, ka bar kowane dutse inda ka gan shi.

Ku tashi ku kwanta. A'a, Mati, bar fitilar a kunne.