Bel Ɗin da Ma'aji Ta Ɗinke

"Sabo kuma? Wannan ɗin me ya yi?"

Ta ɗaga bel ɗin tana jujjuya shi a hasken taga. Bel ne mai faɗi, irin wanda masu fenti ke ɗaurawa a ƙugu su maƙala igiya idan za su hau dogon gini. Ɗinkin da ke riƙe da zoben ƙarfen ne ya fara warwarewa, wurin bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Mijinta ya yi mata bayani a hankali, cewa ba irin ɗinkin gida ba ne, na inji ne, kuma zarensa daban yake. Ta ce zare ai zare ne, masu shago ne kawai ke son su ci kasuwa da shi.

"Haba Ma'aji... raina fa nake ratayawa a jikin abin nan."

"Ran naka ai nawa ne, masoyi. Kana ganin zan yi wasa da shi?"

Shi ya sa mata suna Ma'aji tun watan farko na aurensu, kuma sunan ya bi ta. A ɗakinsu babu abin da ke tafiya bola da sauran amfani a jikinsa. Guntayen sabulu takan haɗa su ta matse su zama ɗaya. Ruwan ɗauraya shi ne na goge ƙasa. Man goge baki idan ya ƙi fitowa, sai ta tsaga shi da reza ta kwashe na mako guda. Wuyan rigarsa idan ya cinye, ta farke ta juya shi. Har gwangwanayen fentin da yake dawowa da su ta jera a bakin ƙofa, ta shuka alayyafo. Maƙwabta suna yi mata dariya, amma su ne masu zuwa neman dabara idan wata ya yi nisa.

Ba rowa ba ce. A gidansu ta ga yadda babu take shigowa ba sallama, ta yi alkawarin ba za ta same ta tana barci ba. Burinsu ɗaya ne, su bar ɗaki ɗayan nan su kama mai ɗaki biyu.

Ranar ta zauna da basilla da zaren ɗinkin takalmi, ta bi wurin layi uku. Da ta gama ya sa ƙafa ya taka bel ɗin, ya ja zoben da iya ƙarfinsa. Bai motsa ba. Ya yi dariya ya ce ya sallama, matarsa ta fi inji.

Mako uku ɗinkin ya riƙe shi.

Tana shanya da hantsi wayar ta shigo. Abokin aikinsa ne. Ya ce ta zo asibiti, mijinta ya faɗo daga hawa na uku.

Bai mutu ba. Likita ya zaunar da su ya yi bayani ba tare da kwana-kwana ba: ƙashin baya ya taɓu, hannuwa za su yi aiki, ƙafafu kuwa sai abin da Allah ya yi. Ya ce a riƙa juya shi a kan gado a kai a kai, don kada bayansa ya yi gyambo.

A rana ta uku Yayansa ya zo da bel ɗin a leda, daga wurin aiki aka ba shi. Ya ajiye a gaban mahaifiyarsu, ya nuna mata inda zaren ya tsittsinke. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi wanda ya yi wannan aiki.

"Ni ne, Inna," in ji mijin daga kan gado, tun kafin matarsa ta buɗe baki. "Ni na ɗinke abina."

Da Inna da Yaya suka fita, ya kamo hannun matarsa. Ya ce ta san halin Yaya, in ya ji gaskiya ko kwana ɗaya ba za ta ƙara a kusa da shi ba, gidan iyayenta zai sa a mayar da ita.

"Ƙafafu sun tafi, Ma'aji... kada ki sa in rasa ki ke ma. Ki yi shiru, don Allah."

Ta yi shiru. Da a ce Inna ta tsane ta ne, da shirun ya zo mata da sauƙi. Sai ya zamana tsohuwar tausayinta take ji. Ita ke tura mata abinci, ita ke cewa ta je ta miƙe bayanta. Faɗan duk a kan ɗanta yake sauka. Tana goge masa fuska tana cewa ganganci da son abin hannu sun kai shi sun baro, ga shi ya jefa 'yar mutane cikin wahala da ƙuruciyarta. Duk wanda ya zo dubiya sai ta maimaita masa. Shi kuwa sai ya juya fuska bango, ya haɗiye.

Kwana goma sha ɗaya Ma'aji tana jin wannan.

Ranar da za a sallame su, Inna tana naɗe zannuwa ta sake farawa. Ta ce ita dai ba ta haifi marowaci ba, ba ta san inda ya ɗauko wannan hali ba.

"Inna, ba shi ba ne."

Ya kira sunanta daga kan gado. Ba ta waiwaya ba. Ta durƙusa a gaban tsohuwar, gwiwa biyu a ƙasa.

"Ya ce zai sayi sabo, ni na hana. Ya ce mini ransa yake ratayawa, na ce zare ai zare ne. Da hannun nan na ɗinke shi, Inna... ni ce."



Yaya ne ya fara magana, kuma bai ɗaga murya ba. Ya ce ta tattara nata ya nata, mota na waje, zai sauke ta a ƙofar gidansu. Ƙaninsa kuma gida za a wuce da shi, ga uwarsa ga 'yan'uwansa.

"Yaya, in za ta tafi, ku bar ni a nan," in ji ƙanin, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. "Ni na ja zoben nan da hannuna na ce ya yi. Ni na sa, ni na hau."

Yaya ya ce ba shawararsa aka nema ba. Duk suka zuba wa Inna ido.

Tsohuwar ba ta kalli kowa ba. Ta ƙarasa naɗe zanen da ke hannunta, ta daidaita bakinsa, ta ajiye. Ta ce wa babban ɗanta ya je ya jira su a mota. Ya buɗe baki, ta sake faɗa, sai ya fita.

Sannan ta dubi surukarta da ke durƙushe.

"Kin bar ni kwana goma sha ɗaya ina zagin ɗana a kan gadon ciwo."

"Ki yafe mini, Inna..."

"Ban yafe ba. Ban san ranar da zan iya ba, kada ki tambaye ni."

Ta goge idonta da gefen mayafi, ta matsa jikin gadon, ta cusa hannuwanta ƙarƙashin kafaɗun ɗanta. Ita kaɗai ba za ta iya ɗaga shi ba, kuma dukansu sun sani.

"Tashi ki kama ƙafafun," ta ce. "Lokacin juyi ya wuce."