Lamba Tamanin da Bakwai

Na san magatakardan ƙauyenmu tun yana hawa keke marar birki. Shi ke riƙe da littafin jama'a a ofishin dagaci, mutum ɗari biyar da 'yan kai, kowane gida a jere, kowa da lambarsa. In an haihu ya ƙara, in an mutu ya ja layi. Aikin bai saya masa ko takalmi ba, shi kuwa idonsa ya fi cikinsa girma.

Wata rana da tsakar rana ya rungumi littafin ya nufi wurin boka a bayan dutse. Ɗakin ba taga. Ƙasa a jiƙe take da abin da ba ruwa ba, ƙahoni rataye a bango. A tsakiya akwai baƙar tukunya an ɗaure bakinta da jan ƙyalle, tana numfashi kamar mai barci.

"Arziki nake so," in ji magatakarda.

"Duk shekara mutum ɗaya daga littafin nan," in ji boka.

"Daga gidana?"

"Kai za ka zaɓa. Amma tukunyar nan ba ta jin suna, lamba take ci. Ka faɗa mata, ta je ta duba littafin da kanta."

Wallahi dariya ya yi. Wa ya fi shi sanin waɗanda ba su da kowa?

Shekarar farko ya ba da tsohon makiyayi. Ta biyu, maƙwabcin da ya yi masa gardamar fili. Da hannunsa ya ja musu layi, kuma shi ne kan gaba wajen ta'aziyya. Mota ta zo, bene ya tashi, dagaci ya koma gaishe shi da safe.

Sai hukuma ta ce duk ƙauyen da ya kai mutum ɗari shida zai zama gunduma mai shugabanta. Gogan naka ya hango kujera. Ya kwafe littafin sabo, ya cusa sunayen mutanen da ba a taɓa haifa ba a tsakanin na gaske don kada masu bincike su gane, ya ƙone tsohon.

Da lokacin tukunya ya zo bai ko buɗe littafi ba. Shekara ashirin yana riƙe da lambobin nan a ka.

"Tamanin da bakwai," ya ce, yana nufin makauniyar bakin rijiya.

A hanyar dawowa ya same ta zaune lafiya lau. "Sannu da rana, ɗana," in ji ta. Kafin ya kai ƙofar gida ya ji ihun matarsa. Autarsu ce, ta faɗi da tsintsiya a hannu. Ya buɗe sabon littafin: sunayen ƙarya sun ture layuka, yarinyar ta sauka a kan tamanin da bakwai.

Ya koma wurin boka a guje. "Ga lambobin bogi casa'in, ka ba ta ta cinye!"

"Ta leƙa su, ta tarar ba kowa," in ji boka. "Ka yi mata wasa da hankali. Yanzu da kanta take zaɓa, daga inda ta ɗanɗana."

Ba ta ƙara jiran shekara ba. Tamanin da shida, ɗansa na tsakiya. Tamanin da biyar, babban. Uwarsu ta tsira da rai na 'yan watanni, tana yawo ba mayafi tana ƙirga yaran mutane, sannan ita ma ta bi.

Saura tamanin da uku, maigidan. Yana nan zaune a ƙofar ofis, littafin a cinyarsa, yana goge lambarsa da yawu, tana sake fitowa. Ban ji tausayinsa ba, na makiyayin nake ji.

Kai da aka damƙa wa sunayen mutane, ka ji tsoron Allah. Naka ma yana cikin littafin.