Battar Kaka Ambroise

Florent ya dawo ƙauyensu na bayan Paris bayan shekaru yana bin jiragen ruwa, ya tarar an binne kakansa Ambroise tun makon jiya. Ran nan da yamma kakarsa Perrette ta miƙo masa wani abu a ƙunshe cikin tsumma, tana kau da fuska.

"Ungo, uban yawo. Tunda ƙafarka ba ta zama, kai wa tsohon nan battarsa ta tabar shaƙa. Ka tona wajen kansa ka binne. Tun da aka rufe shi nake jin atishawarsa a bayan katanga."

"Haba, tsohuwa! Kewar miji ce kawai."

"Kewar miji ko kewar majina? Allah ya sawwaƙe! Kada ka buɗe ta. Duk wanda ya shaƙa daga ciki ya zama mai ita, ita kuwa cin mai ita take yi."

A hanya ya warware tsumman. Zinariya ce zalla, murfinta an shafe shi da ruwan gilas mai launi. A kai an zana wani mutum na tatsuniyar Girkawa, ɗaure da sarƙa a jikin dutse, mikiya tana cin hantarsa. Manyan birni kan yi rububin irinta. Shi dai abin da ta tuna masa shi ne gashin bakin Kaka mai danƙo, da hankicin da in an yar yakan tsaya da kansa.

Ƙararrawar coci ta yi shiru. Hanyar maƙabarta ba kowa, sai kukan kwaɗi da warin ɗanyar ƙasa.

Sai atishawa. Mai laima, kamar an taka ruɓaɓɓen tuffa.

Wani dattijo ne zaune a kan katangar maƙabartar, hula ta rufe masa ido, ya danne hanci da hankici.

"Samari," ya ce cikin raɗa, "a ɗan sam mini taba."

A ƙasarsu ɗan mutunci ba ya hana wa mutum tsunkulin taba, ko da maƙiyinsa ne. Da bulala Kaka ya koya masa wannan. Kafin Florent ya yi tunani, yatsunsa sun ƙwanƙwasa murfin, sun buɗe, sun miƙa da hannun hagu.

Wari ya buge shi. Ba taba ba. Hanta ce da ta kwana a rana.

Garin da ke cikin battar a jiƙe yake. Yana motsi.

Dattijon ya sauke hankicin. Inda hanci ya kamata ya kasance, rami ne baƙi, wani ruwa ja-ja yana tsiyaya cikin gashin baki. Ya tsunkula, ya cusa, ya zuƙa da ƙarar makwarara. Yawu ya cika bakin Florent.

"Madalla, jikana. Saura kai. Wanda ya bayar ai yakan taya baƙo."

Yatsu masu sanyi suka kama haɓarsa. Wasu suka taso da garin, yana ɗiga.

A kan murfin, mikiyar ta ɗago kai daga hantar. Ta dubi Florent.

Ya ɗauke numfashi. Ƙirjinsa kamar zai tsage.

Yatsun suka taɓa leɓensa na sama.

Amai ne ya cece shi. Ya kelayo shi a hannun, riƙon ya sulluɓe. Ya wurga battar ta bayan katanga, ya zura da gudu yana goge fuska da hannun riga har fatar ta saɓule. A bayansa wani abu yana dariya ta cikin rami.

Bai faɗa wa kowa ba. Ya wanke hanci da ruwan gishiri, ya ƙone rigar. Ya ce a ransa ai ko ƙwaya ɗaya bai shaƙa ba.

Da safe Perrette ta ajiye masa burodi mai zafi. Ya kai hanci, ya ture.

"To, sarkin tsirfa," ta ce. "Tsohon dai ya yi shiru, na samu barci."

Ta ɗauki hankicinsa daga kan kujera don wanki. Ta tsaya, ta juya shi, ta daɗe tana kallon tabon ja-ja da ke tsakiya.

"Florent," ta ce a hankali, "wa na ji yana atishawa a ɗakinka da asuba?"